Daga Adaka Zuwa Zauren Nuni: Shirya Baje Kolin Tsofaffin Tufafi a Kudancin Kano

 Shirin na yau ya shafi tsofaffin tufafi na saƙar hannu da ɗinkin hannu, da yadda gidan adana kayan tarihi yake tattara su ya baje kolinsu domin jama'a su gani, ba tare da nunin ya zama sanadin lalacewarsu ba. An ɗauki ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a matsayin misali. Za a fara da bayanin irin kayan da ake nufi da dalilin zaɓen wannan yanki, sannan a shiga maganar aro daga gidajen mutane, a biyo da binciken tufa da kare ta daga abokan gabarta, daga nan a zo ga rataya da bayani, a ƙare da mayar da kaya ga masu su.

Kashi na farko: wane irin kaya ake nufi?

A ƙasashen Turai akwai wata irin saƙa mai kauri da ake yi domin rufe bangon fada ko majami'a, wadda masaƙi yake fitar da hotunan mutane da dawaki da itatuwa a cikinta da zaren launi tun tana kan masaƙa, har ta zama labari wanda ido yake karantawa. Ita ake kira tafestiri, wato saƙar bango mai hoto. A birnin Angers na ƙasar Faransa akwai wadda aka saƙa a ƙarshen ƙarni na 14, abin da ya saura daga cikinta ya kai tsawon mita 100. Wadda ta fi suna kuwa ita ce ta garin Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wadda take ba da labarin cin ƙasar Ingila a shekarar 1066, ko da yake ita wannan a gaskiya ɗinkin allura ce a kan ƙyalle, ba a kan masaƙa aka fitar da hotunanta ba.

Bahaushe bai yi wa bango sutura irin wannan ba, domin adon bangonsa a jikin ginin yake, da zane da makuba, a ɗakin mace kuma da jere. Gwanintar da Bature ya zuba a bango, Bahaushe a jiki ya zuba ta, da jikin dokinsa, da shimfiɗarsa. Saboda haka idan ana neman takwarar saƙar bango a ƙasar Kano, sai a duba babbar riga mai aska takwas ko aska biyu ko malum-malum, da kore mai sheƙin shuni, da saƙi mai ɗigon fari da baƙi kamar jikin zabo, da tsamiya, da barage, da luru da gwado na lulluɓa, da jalalar sirdi, da lifidi, da rawanin ɗan Kura. Waɗannan su ne kayan da shirin yake nufi, kuma abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe tun daga nan shi ne, mafi yawansu ba a gidan tarihi suke ba. Suna cikin adaka, a ƙuryar ɗakunan gidajen sarauta da na malamai da na tsofaffin fatake.

Dalilin zaɓen kudancin Kano kuwa tarihi ne ya kawo shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano take fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, kuma ya ambaci cewa suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Sau da yawa idan aka ji wannan sai tunani ya tafi ga marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, alhali binciken Philip Shea, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan rini da fataucin tufafin Kano kuma ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa babban kason aikin a garuruwa da ƙauyukan karkara ake yin sa, musamman na kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, auduga da baba suka fi yi. Garin Kura, wanda ba shi da nisa da Bebeji, har yau sunansa yana kan rawanin da Buzaye suke naɗawa. Bebeji kanta a da babban zango ce a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1826, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 20,000 da 25,000. Ta wannan hanya ce kuma rundunar Turawa ta biyo a farkon Fabrairun 1903, ta fasa ƙofar Bebeji kafin ta ci Kano a ranar 3 ga watan. Bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya yawaita, masaƙar zamani ta buɗe a Kaduna a 1957, sai masaƙin gargajiya ya yi ta ja da baya. Duk rigar da ta tsira daga wancan zamani shaida ce, shaidar da ba za a sake saƙa irinta ba.

An taɓa yin babban nuni irin wannan. A 1976 David Heathcote, malamin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya yi zurfin bincike a kan ɗinkin rigunan Hausawa, ya shirya baje kolin fasahohin Hausawa a Cibiyar Kwamanwel ta Landan, a cikin bikin Duniyar Musulunci na wannan shekara. Aiki ne mai daraja, sai dai mutanen Landan ne suka gani. Jikokin masaƙan da marinan, waɗanda suke Kofa ko Yako ko Yaryasa ko Riruwai, labari ma bai kai ga yawancinsu ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a yi wani a gida.

Kafin a nemi ko da ƙwarya ɗaya, wato siririn tsagin saƙa da ake haɗawa da 'yan'uwansa a yi zane ko riga, dole masu shiri su tsayar da jigo, wato maganar da nunin yake son faɗa. Nunin da ba shi da jigo rumfar gwanjo ce kawai. Jigon da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne tafiyar auduga daga gona zuwa jikin basarake, domin a cikinsa ne kowa zai ga kakansa, tun daga mai noma har mai ɗinki.

Jama'a masu sauraro, kashi na biyu shi ne aro, kuma a nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe.

Gidan Makama da ke birnin Kano, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Gidan Ɗan Hausa kuwa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Waɗannan gidaje biyu su ne za a nemi ƙwararru da shawara daga gare su, amma kayan kudancin Kano a hannun iyalai suke, sai an je an roƙa. Hausawa suna cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma mai shirya nuni ya fi kowa sanin haka, domin duk abin da zai cika zaurensa da shi na wasu ne, ranar mayarwa kuma tana tafe.

Ba a shiga gari da mota da takardar ofis a ce an zo karɓar kayan tarihi. Ana fara gaisuwa a wurin hakimi, a ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da baƙi, shi kuma ya haɗa su da dagaci, dagaci ya haɗa su da mai unguwa, mai unguwa ya yi musu iso a zauren maigida. Akwai tsoro a zukatan mutane, kuma tsoron yana da tushe, domin an sha ganin dillalai suna yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya da kuɗi kaɗan suna fitar da su waje, akwai kuma zaton cewa abin da ya shiga hannun hukuma ba ya dawowa. Ya kamata a sani cewa dokar 1979 ta lissafa duk kayan sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, ta hana fitar da su daga Nijeriya ba da izinin hukuma ba, ta kuma taƙaita wanda zai iya sayensu. Amma bayar da aro ba ya raba mutum da kayansa, kuma wannan sai an faɗa an sake faɗa a gaban shaidu.

Wani abin lura shi ne, rigar gado ba kasafai take zama ta mutum ɗaya ba. Tana iya kasancewa a ɗakin babban wa, alhali ƙannensa da 'yan'uwansa mata da suke gidajen aure duk suna da haƙƙi a cikinta, saboda an bar ta ba a raba ba don girmama mahaifi. Idan aka karɓa daga hannun mutum ɗaya ba da sanin saura ba, an shuka rigima a gidan da aka tarar da zaman lafiya. Haka kuma sau da yawa makullin adakar yana hannun tsohuwar gida, ita ce kuma ta san wanda ya ɗinka rigar da sallar da aka fara sa ta, don haka tawagar da ba ta da mace a cikinta, wadda za ta shiga cikin gida ta durƙusa ta ce Inna ina kwana, ta zauna ta saurara, rabin labarin kawai za ta samo. Labarin kuwa shi ne rabin darajar tufar. Riga ba tare da sunan garinta da mai ita da mai ɗinkinta ba kyakkyawan ƙyalle ce kawai, kuma masu riƙe da waɗannan sunaye tsofaffi ne da ake rasawa kowace shekara, saboda haka ana ɗaukar muryarsu a ranar da aka fara zuwa, ba a jira sai an dawo.

Idan aka amince, sai a rubuta yarjejeniya da Hausa, a boko ko a ajami gwargwadon abin da maigida yake karantawa. A ciki za a bayyana kayan, da ranar karɓa, da ranar mayarwa, da wanda zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru, da ko iyalin sun yarda a ambaci sunansu a zaure, da ko sun yarda a ɗauki hoto. Tare da ita ake cika takardar halin kaya, wato rubutaccen bayanin yanayin da aka karɓi tufar a kai: yagewa a hammata, tabon goro a gaba, cin asu a shafi, kowanne da hotonsa. Ana yin wannan a gaban mai kaya, shi da dagaci su sa hannu, ya riƙe kwafi. Tufar aro amana ce, kuma wannan takarda ita ce ma'aunin da za a auna amanar da shi ranar mayarwa.

Akwai kayan da suke bukatar ladabi na musamman. Rigar da aka rubuce da ayoyi ko aka jera wa layu ba a ajiye ta a ƙasa, ba a kwance layunta don a ga abin da ke ciki, kuma idan iyalin suka ce ba a nuna ta ga kowa, to magana ta ƙare.

Kashi na uku shi ne bincike, wato karanta tufa kamar yadda ake karanta takarda.

A ɗauka an shimfiɗa wata tsohuwar rigar saƙi a kan tebur mai faɗi wanda aka rufe da wankakken akoko. Mai bincike ya wanke hannu ya busar, ya cire zobe da agogo, ya ajiye biro ya ɗauki fensir, domin ɗigon tawada ɗaya ba ya fita. Abu na farko da zai duba shi ne zaren. Zaren da mace ta kaɗa da mazari, tana shafa alli a yatsunta, ba ya zama daidai wa daida. Yana da ɗan kauri nan da ɗan sirantaka can, ba kamar zaren kanti ba wanda inji ya fitar sumul. Sannan zai ƙirga ƙwaryoyin da aka haɗa, ya auna faɗin kowace, domin a al'adar saƙar Kano siririyar ƙwarya mai yawan zare ita ce mai tsada, rigar da ta ci ƙwarya da yawa kuma ta mai hali ce. Daga nan sai ya juya aljihu ya duba bayan aikin, inda za a gane ko allurar hannu ce ta yi shi ko keken ɗinki. A gaban rigar zai ga asaken, wato dogayen siffofi masu tsini kamar bakin aska da suke saukowa daga wuya zuwa aljihu, da tambari mai kewaye kamar ganga, da dagi mai sarƙaƙƙiya, waɗanda malami yakan zana da tawada kafin maɗinki ya bi da allura, aikin da yakan ci watanni.

Zaren aikin ma yana magana. Tsamiya siliki ne na gida, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi da suke taruwa a jikin itatuwa irin su tsamiya, daga nan sunan ya samo asali. Alharini ja mai ɗaukar ido kuwa, wanda ake gani a barage da shafin manyan riguna, ta hamada ayari yake kawo shi daga Tarabulus. Baban rini na kanti ya fara fita daga masana'antun Jamus a 1897, kafin nan duk shuɗin da ke jikin tufa daga ganyen baba da toka da katsi ya fito, a cikin karofi. Idan aka haɗa waɗannan alamu da abin da tsohuwar gida ta faɗa, ana iya kusantar zamanin rigar, kuma inda ba a tabbatar ba sai a rubuta a takardar bayani cewa ana kyautata zaton ta wajen zamanin sarki wane ce. Ƙara wa riga shekaru don a burge baƙi ƙarya ce, ko da iyalin ne suke son a yi hakan.

Yanzu kuma, jama'a masu sauraro, ga kashi na huɗu, wanda ya shafi har mai tsohuwar riga a gida da ba ya niyyar ba kowa aro. Shi ne abokan gabar tufa.

Gaskiyar da masu wannan sana'a suka sani ita ce, nuni yana cin tufa. Kowace rana da riga ta yi a buɗe tana rage mata kwana, saboda haka aikin mai shiri ciniki ne tsakanin haƙƙin masu kallo na yau da haƙƙin waɗanda ba a haifa ba.

Babban maƙiyi shi ne haske. Kowa ya ga yadda labulen taga yake koɗewa ta gefen da rana take bugu, har ya riƙa yagewa da an taɓa shi. Ana auna ƙarfin haske da wani ma'auni da ake kira luks. Rana tsaka a fili tana iya kaiwa luks 100,000, amma ƙa'idar da gidajen tarihi na duniya suke bi ga tufafi ita ce luks 50, wato kamar hasken ɗakin soro da aka rufe tagoginsa aka kunna ƙaramar fitila. Ɓarnar haske tana taruwa ne, kuma ba ta komawa. Launin da ya tafi ya tafi ke nan. Shuɗin baba yana da juriya, amma siliki da jan alharini ba su da ita. Don haka ake toshe tagogi, a yi amfani da ƙwan lantarki irin na zamani marar zafi, a kashe shi idan babu masu kallo, kuma ba a barin tufa ɗaya a buɗe fiye da wata 3 zuwa 6 kafin a sauke ta ta huta a duhu.

Na biyu shi ne laima, wato yawan ruwan da ke cikin iska. Zaren auduga yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan kai da komo shi yake karya shi. Ana son laimar zaure ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A ƙasar Kano wannan abu ne mai wuya, domin da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma ta haura 70, kuma ƙasar Doguwa da Tudun Wada, kusa da dajin Falgore, ta fi arewacin jihar ruwa da danshi, kamar yadda garuruwan bakin madatsar Tiga suke da nasu. Idan laima ta yi yawa sai fumfuna ta fito, adakar ƙarfe ta yi tsatsa ta bar jan tabo a jikin farar riga. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaton na'urar sanyaya ɗaki ita ce magani. Na'urar da za ta yi aiki awa uku wuta ta ɗauke, ɗaki ya yi zafi, a tayar da janareta ya sake sanyi, ta fi rashinta illa, domin sauyin gaggawa shi ne cutar. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, irin na Gidan Makama, yana riƙe yanayi ɗaya dare da rana fiye da ginin bulo mai rufin kwano, muddin ba ya yoyo. Wannan yana nuna cewa lokacin da ya fi dacewa a buɗe nuni a yankin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen kaka, lokacin da hanyoyi suka bushe, manomi kuma ya sami sarari da ɗan abin hannu, da sharaɗin a tsare kayan daga ƙurar hunturu a cikin akwatin gilashi.

Na uku su ne ƙwari: asu mai cin ulu da siliki, gara mai tasowa daga ƙasa, kyankyaso da ɓera masu bin maiƙon abinci da gumi. Duk tufar da ta shigo daga gida ana keɓe ta tukuna a wani ɗaki dabam, kada ta kai wa saura baƙi. Idan an ga alamar ƙwari, ba a fesa mata maganin sauro ko fiya-fiya. Ana nannaɗe ta a rufe cikin leda ruf, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla mako guda, sannan a fitar a bar ta yini da kwana ba a buɗe ledar ba, domin raɓar da za ta taso ta tsaya a bayan leda. Wannan ma sai inda wuta ba ta yankewa, kamar firiza mai aiki da hasken rana. Kafur da busasshen ganyen darbejiya da iyaye suke sawa a adaka suna korar ƙwari gwargwado, amma a ƙulle su a ƙyalle dabam, kada su taɓa tufar.

Akwai kuma gargaɗi ɗaya da ya cancanci maimaitawa: ba a wanke tsohuwar tufa. Kore da ɗan Kura sheƙinsu shuni ne da aka buga musu a mabuga har ya kwanta a fuskar zaren, shi ya sa yake zuba a hannu da goshi. Ruwa da sabulu suna tafiya da shi cikin minti kaɗan, dutsen guga kuma ya ƙarasa. Ba a wankewa, ba a gogewa, ba a shanyawa a rana. Ƙura kawai ake ɗaukewa da tattausan buroshi, yagewa kuma a bar wa ƙwararre, wanda zai tallafe wurin da wani ƙyalle ta baya da ɗinkin da za a iya warwarewa.

Kashi na biyar shi ne rataya da bayani.

Babbar riga idan aka buɗe hannuwanta tana wuce mita 2, kuma nauyin aikin yana gefe ɗaya na ƙirji, saboda haka ƙusa ko maratayin kanti yaga ta za su yi. Ana zura mata doguwar gora da aka naɗe da auduga da akoko har ta yi kauri, domin nauyin ya bazu a kafaɗa baki ɗaya. Wadda ta tsufa ƙwarai ba a rataya ta sam. Ana kwantar da ita a kan allo mai ɗan jingina. Luru da gwado kuwa, da yake shimfiɗaɗɗu ne, ana bi da su yadda Turawa suke bi da saƙar bangonsu: a ɗinka wani ƙyalle mai ƙarfi a gefen sama ta baya, shi ne zai ɗauki nauyin daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Tsarin zaure sai ya bi jigo. Mai shigowa ya fara da auduga da magurji da mazari, aikin mata wanda ba a cika ambatonsa ba alhali ba a saƙa sai da shi. Ya wuce ga wadari da masaƙa da ƙoshiya da kunkurun da yake jan zaren. Ya ga baba da muciyar marina. Ya ƙare a gaban riguna. Nuni na gaskiya zai kuma faɗi cewa wani kaso na audugar ƙarni na 19 bayi ne suka noma ta a rinji da gandu, domin tarihin da aka cire wa ɗacinsa kirari ne. Takardun bayani su zama gajeru, da Hausa a gaba, boko da ajami, da haruffan da tsoho zai iya gani a wannan ɗan haske. Da yake ba kowa yake karatu ba, a sami mai bayani da baki, kuma ya fi kyau a zaunar da masaƙi na gaske a farfajiya yana aiki, tsohuwa tana kaɗi a gefe, a kuma ajiye sababbin ƙyallayen saƙa a bakin ƙofa waɗanda kowa zai taɓa ya murza son ransa, domin Bahaushe da hannu yake sanin tufa, kuma idan ba a ba hannunsa abin taɓawa ba zai kai shi ga wadda aka hana. A ware ranakun mata da ranakun 'yan makaranta, na boko da na allo. Ga garuruwan da suke nesa kamar Riruwai, hotuna manya da sababbin kwaikwayon rigunan su ne za su yi yawo a mota; tsofaffin na asali ba sa jure kwararrabar hanya sau da yawa.

Kashi na ƙarshe, jama'a masu sauraro, shi ne mayarwa. Ranar da wa'adi ya cika, tawagar da ta karɓo ita ce take komawa, ta bi ta wurin dagaci kamar yadda ta shigo. A zauren maigida ake shimfiɗa wankakken akoko, a buɗe rigar, a ɗauko takardar halin kaya ta ranar farko a bi ta layi-layi a gaban magada: yagewar hammata tana nan yadda take, tabon goro bai ƙaru ba. Sannan a nuna wa mutanen gida yadda za su ajiye ta. Ana shimfiɗa akoko a cikin adaka don kada tufa ta taɓa ƙarfe, a rage yawan ninki, a cusa naɗaɗɗen ƙyalle mai laushi a cikin kowane lanƙwaso don kada ya karye, luru kuma a naɗe shi a jikin gora maimakon a ninke. A ɗora adakar a kan katako ko duwatsu nesa da bango saboda gara, a buɗe ta a inuwa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a duba, a sauya wurin ninkin. Iyalin suna karɓar kwafin hotunan da na muryar tsohuwarsu da aka ɗauka, maigida da dagaci su sake sa hannu a ƙasan takardar, a mayar wa Inna makullinta.